RUMBUN DA YA KOMA MASAUKI



A taron ƙungiya da ya wuce anka tada maganar tsohuwar mangazar gujiya ta bakin kasuwa. Wasu sun ce a rushe ta, a yanka filin a yi shaguna, tun da ba ta da wani aiki sai tara jemagu da awaki. Wasu sun ce a gyara ta, ta zama masaukin baƙi. Anka tashi ba a yanke magana ba, anka ɗage ta sai taron farkon damina, in ƴan ci-rani sun komo gida.

Ni yaro ne cikinku. Ban ga zamanin gujiya da idona ba, labari na ji ga bakin iyaye. Abin da aikin lakwal ya koya mani shi ne, in magana ta rikice, a duba yadda wasu sunka yi da irinta. Don haka na kawo maku tarihin wani gini na ƙasa mai nisa, wanda ya yi aikin hatsi shekara 77, anka rufe shi, daga baya ya koma otel. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, ku kuma karanta ma waɗanda ba su iya ba.

I. INDA GININ YAKE

Can ƙarshen Afirka ta wajen kudu akwai birnin Kef Tawun, wanda Faransawa ke ce ma Le Cap, cikin ƙasar Afirka ta Kudu. Birni ne na bakin teku, ga babban dutse mai shimfiɗaɗɗen kai a bayansa. Tun da daɗewa jiragen ruwa masu zuwa Indiya daga Turai nan suke tsayawa su ɗebi ruwa da abinci. Amma wurin yana da muguwar iska, jirage da yawa sun farfashe a bakin gaɓa. A shekarar 1860 Turawan Ingila sunka fara gina katangar duwatsu cikin teku don ta tare igiyar ruwa. Alfred, ɗan sarauniya Biktoriya, shi ya zuba duwatsun farko. Shi ya sa har yau unguwar tashar ke ɗauke da sunan uwar da ɗan. Sauran duwatsun kuwa ƴan kaso ne sunka ɗauke su, kuma don wanga aiki anka gina masu gidan kaso dab da tashar.

Ku riƙe wannan a zuci: sunan wanda ya zuba kaya guda ya zauna, na waɗanda sunka kwashe shekaru suna ɗauka bai zauna ba. Za mu sake gamuwa da irin haka a gaba.

II. MI YA SA ANKA GINA RUMBUN

A farkon ƙarni na 20 masara ta zama ɗaya daga cikin manyan hajojin Afirka ta Kudu. Ana noma ta a manyan gonaki na tsakiyar ƙasa, ana kai ta Turai. Gonakin na Turawa ne. A 1913 gwamnatinsu ta yi wata doka ta ƙasa wadda ta bar ma baƙar fata, su da sunka fi kowa yawa, wajen kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu. A 1936 anka ƙara ya kai wajen kashi 13. Mutane da yawa da ke noma don kansu sunka koma ƴan ƙwadago a gonar wani. Da guminsu anka noma masarar da muke magana.

Da farko cikin buhuna ake ɗaukar masarar, kamar yadda kunka san ana yi da gujiya a nan. Buhu kuwa daga Indiya ake sayo shi, yana da tsada, yana yagewa, ɓera da ƙwari suna shiga. Loda jirgi guda buhu-buhu yana cin kwanaki. Sai hukumar jiragen ƙasa da tashoshin ruwa ta ɗauko dabarar da ake yi a Kanada da Amurka, wato zuba hatsi tsaba, ba buhu. Anka gina ƙananan rumbunan siminti fiye da 30 a bakin hanyar jirgin ƙasa cikin yankunan noma, da manya guda 2 a bakin teku, ɗaya a Darban, ɗaya a Kef Tawun.

Na Kef Tawun an fara shi a 1921, an gama a 1924. Tsawonsa mita 57. Wanda ya taɓa zuwa Agadas ya ga hasumiyar babban masallaci, mita 27 ce. To a ɗora biyu bisa juna, ba su kai shi ba. A lokacin babu gini mai tsawonsa a duk Afirka ta kudu da Sahara. Yana cin hatsi ton 30.000. Na ba ɗiyan ajina lissafin a allo: in buhu na kilo 100 ne, buhu 300.000 ke nan.

III. YADDA YAKE AIKI

Ginin kashi biyu ne. Akwai doguwar hasumiya, akwai kuma rumbunan ajiya a gefenta. Rumbunan guda 42 ne, zagayayyu kamar rijiya, sai dai a tsaye suke bisa ƙasa, manne da juna. Kowane yana da tsawon wajen mita 33, faɗinsa mita 5 da rabi.

Jirgin ƙasa ya kan zo da masara, a juye ta cikin rami a gindin hasumiya. Daga nan wani ɗamarar inji mai jere da ƙananan bokitai, kamar guga da yawa a igiya guda, ya ɗauke ta zuwa can sama. A hanya a auna ta, a sheƙe ta, a raba mai kyau da marar kyau. In ta kai sama sai a bi da ita a zuba cikin rumbun da ya dace. Ranar da jirgin ruwa ya zo, sai a buɗe gindin rumbu, masara ta zubo da nauyinta cikin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, inji ya kai ta har cikin jirgin. Jirgin farko da ya ɗauki kaya daga nan zuwa Turai a 1924, sunansa Willaston.

Kun ga hikimar ba baƙuwa ba ce gare mu. Rumbunmu na laka ma ta sama ake zuba ma shi, a ɗaga shi daga ƙasa don raɓa da gara. Bambancin yana wajen niyya. Namu don a ci a gida ne in rani ya yi tsawo. Wancan don a fitar ne.

Haka ya yi ta aiki, ban da masara har da alkama da dawa. Ya ga yaƙin duniya na biyu. Ya ga shigowar mulkin wariyar launin fata a 1948, ya ga faɗuwarsa a 1994. Daga samansa ana hangen tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 cikin shekara 27 da ya yi a tsare.

IV. RUFEWA

Abin da ya kashe rumbun canjin kasuwa ne. Jiragen ruwa sunka ƙara girma, anka gina sababbin tashoshi masu zurfi nesa da tsohuwar, kaya da yawa sunka koma tafiya cikin manyan akwatunan ƙarfe. A 1997 anka rushe hukumar gwamnati mai sayen masara, kowa ya koma sayarwa inda ya ga dama. A 2001 anka kashe injunan, anka rufe ƙofa.

Tun 1988 an riga an fara mai da tsohuwar tashar wurin kasuwanci da yawon buɗe ido. Fili ya yi tsada ƙwarai. Ga shaguna da gidajen abinci ko'ina, ga wanga ƙaton gini a tsakiya, ba mai shiga sai tantabaru. Ya yi fiye da shekara 10 haka. Rushe shi ba a yarda ba, don yana cikin gine-ginen tarihi. Amfani da shi kuma da wuya, don ciki ba ɗaki ba zaure, sai rijiyoyin siminti masu duhu.

V. GYARAN

Masu tashar sunka kira wani mai tsara gini ɗan Ingila, Thomas Heatherwick. Sunka kuma shirya da wani Bajamushe, Jochen Zeitz, tsohon shugaban kamfanin Puma, wanda ya tara ayyukan masu zane da sassaƙa na Afirka na wanga zamani. Anka yanke cewa rumbunan ajiya za su zama gidan nuna waɗannan ayyuka, saman hasumiya kuma ya zama otel. Aiki ya kankama a 2014.

Abin da sunka yi ma rumbunan ya isa a faɗa. Sun ɗauki ƙwayar masara guda, sunka auna siffarta da kwamfuta, sunka faɗaɗa ta har ta kai mita 27, daidai da hasumiyar Agadas da na ambata. Sa'an nan sunka yanke wagga siffa cikin tsakiyar rumbunan, kamar yadda ake fafe ƙwarya. Amma tsohon simintin kaurinsa santimita 17 ne kawai, in an yanke shi haka nan zai zube. Sai da sunka zuba sabon siminti mai ƙarfe a cikin kowane rumbu ya riƙe tsohon, kana sunka yanka su tare, sunka goge bakin yankan. Wanda ya tsaya a zauren yau yana ganin tsohon da sabon manne da juna. Saman rumbunan an rufe shi da gilashi don haske ya shigo, kuma zanen da ke bisa gilashin na wani ɗan Togo ne mai suna El Loko. A waje kuma sun kankare fentin da anka yi ta shafawa shekara da shekaru, har simintin 1924 ya fito fili. Hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da masara ke bi, an bar su. Gidan, mai suna Zeitz MOCAA, an buɗe shi ranar 22 ga Satumba 2017. An kashe ma shi rand miliyan 500, kuɗɗin ƙasar ke nan.

Otel ɗin, The Silo, wato rumbu da Ingilishi, ya riga shi buɗewa, a watan Maris 2017. Ɗakuna 28 ne cikin hawa 6. An bar ginshiƙan hasumiyar yadda suke, anka cire bangon da ke tsakaninsu, anka sa tagogi na gilashi masu kumburowa waje kamar tulu. Da dare in an kunna wuta ginin ya kan yi kamar fitila a bakin teku.

Adon ciki wata mata ce ta yi shi, Liz Biden, wadda iyalinta ke da kamfanin otel ɗin. A zauren shiga an bar mazuraran ƙarfe na hatsi a rataye, da simintin ba shafe. Gidan abincin an sa ma shi sunan rumbu. Wurin shaye-shayen an sa ma shi Willaston, sunan jirgin nan na farko. Amma cikin ɗakuna sai kujeru masu laushi na karan-miski da alharini, launi iri-iri, da fitilun ƙarau da anka yo a Masar. A bango akwai ayyukan ƴan Afirka, kamar Cyrus Kabiru na Kenya da Mohau Modisakeng na Afirka ta Kudu. Dabararta ita ce ta haɗa taurin tsohon gini da taushin kaya, kowane ya fito da ɗan uwansa.

VI. ABIN DA ANKA SAMU DA ABIN DA YA RAGE

A faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ginin da ya zama kufai ya koma yana ciyar da ma'aikata. Yaron da anka haifa bayan 2001 zai iya shiga ya taɓa bangon, ya tambaya mi ake yi a nan da. In da an rushe shi, da tambayar ma ba ta taso ba.

Amma akwai abu biyu da ke damuna.

Na farko, wa ke shiga? Kuɗɗin kwana guda a otel ɗin ya fi albashin mushen lakwal irina na watanni. Jikokin waɗanda sunka noma masarar, in sun shiga, galibi aiki ya kai su. Gidan nunin ya ɗan gyara wannan: tun buɗewarsa anka tsara cewa ran Laraba da safe duk ɗan Afirka ya shiga kyauta. An kuma yi ta ƙorafi cewa gidan na Afirka ne amma manyansa duk Turawa. A 2019 anka ba Koyo Kouoh shugabancinsa, haifaffiyar Kamaru da ta daɗe tana aiki a Dakar, ta riƙe shi har rasuwarta a watan Mayu 2025. Ƙorafin jama'a ya yi amfani ke nan.

Na biyu, wa ake tunawa? Baƙon da ya kwana can zai tafi da sunan jirgi, da sunan mai tsara gini, da na mai ado. Sunan lebura guda da ya kwaɓa simintin, ko wanda ya shaƙi ƙurar masara shekara 30, ba shi cikin sunayen da otel ɗin ya ɗauka. Tsohon gidan kason nan na masu ɗaukar duwatsu ma, tun 1991 ya koma makarantar koyon kasuwanci da otel. Bango ya kan tsaya, amma bango ba ya magana. In ba a aje labarin mutane tare da shi ba, sai tarihi ya koma kayan ado kawai, kamar a rataye galma a ɗakin wanda bai san kunya ba.

VII. MU KOMO GIDA

Mangazarmu ba ta kai ko gindin wancan rumbu ba, kuma ba mu da miliyoyi. Amma asalinsu guda: duka biyu an gina su don abin da talaka ya noma ya tafi Turai. Dattawa sun fi ni sanin zamanin da gujiya ce babbar hajar Nijar, ana kai ta Kano ta bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, ko ta bi ta Paraku zuwa Kwatanu. Sun san SONARA da anka kafa a 1962. Sun san farin 1973 da 1974, da cutar da ta cinye gujiya a 1975, da yadda yuraniyom na Arlit ya karɓe wurinta. Da kuɗɗin gujiya anka biya lanho, da su anka yi aure, da su wasu sunka fara sayen keke da rediyo. A bakin sikelin nan kuma an yi murna, an yi kuka. Dalar gyaɗa ta Kano da duniya ta sani, yau sai a hoto. Mu namu shaidar tana tsaye.

Masu cewa a yi shaguna ba su yi ƙarya ba. Ƙungiya na bukatar kuɗɗin shiga, kuma tarihi ba ya biyan kuɗɗin gyaran famfo. Sai dai masauki ma yana kawo kuɗɗi. Ran kasuwa fatake na kwana a rumfuna. Ma'aikatan lafiya da na gona in sun zo rangadi, sai a rasa inda za a sauke su. Ku kanku ƴan bida, in kun zo biki da abokai daga Abijan ko Yamai, kun san wahalar.

Ga abin da nake roƙo a duba kafin taro.

1. A sa magini na ƙwarai ya duba bango da tushe da itacen rufi. Mutanen Kef Tawun ba su yanka ba sai da sunka ƙarfafa. In ya ce ginin ba ya tsayuwa, to mun ji, kada a sa ran mutane cikin hatsari don son tarihi.

2. In yana tsayuwa, a raba ciki da ɗakuna, amma kada a taɓa babbar ƙofa da tsayin rufin. Tsohon sikelin da ke kwance a lungu a wanke shi a aje shi a zaure.

3. Adon ya fito daga hannunmu: tabarmi da faifai na matan gari, ƙorai masu zane, fatun dukawa, farar ƙasa a bango. Wanda ya ga gidajen Birni a Damagaram ya san maginanmu sun iya zanen bango tun kafin siminti ya zo.

4. A rubuta sunayen ƴan dako, da masu awo, da masu ɗinkin buhu, da matan da sunka ɓare gujiya, a bangon zaure, da boko da ajami. Wannan ba ya cin kuɗɗi sai fenti gwangwani guda.

5. A sa kuɗɗin kwana daidai aljihun manomi, a kuma ware ɗaki guda na baƙon da dare ya yi ma, ba biya.

Magana ta 4 ita ce mai gaggawa, don ba ta jiran taro. Waɗanda sunka ɗauki buhu a mangazar nan saura kaɗan cikinmu, kuma bara mun rasa biyu. Ni da ɗiyan babban aji mun shirya, duk ran Laraba da marece, mu bi gida-gida da littafi da alƙalami. Iyayenmu, in mun yi sallama ku karɓe mu, ku gaya mana wa ya yi aiki a nan, nawa ake sayen kilo, wace shekara ce ta fi albarka, wace ce ta fi muni. Ƴan uwa na waje, wanda ke da tsohon hoto, ko takardar awo ta mahaifinsa, ya aiko ta hannun magatakardan ƙungiya. Za mu kwafa mu mayar.

Ko an rushe ko an gyara, shawara ta taro ce, kuma abin da manya sunka yanke shi za mu bi. In na yi kuskure cikin abin da na rubuta, yaro ne ya yi, a gyara mani.

Naku,
Mushen babban aji na lakwal ɗin gari.